Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: labarin kiɗan duwatsun Amurka

Ƴan uwa ƴan kasuwa, mun sani ba kullum mai kaya ke cin ribar kayansa ba. Kiɗan mutanen duwatsun Apalaciya, a gabashin Amurka, shaida ne babba.

Tun daga 1609 sarkin Ingila ya riƙa zaunar da mutanen Sikotilan a lardin Ulsta, arewacin Ailan. Jikokinsu sun sha wuya: fari ya ci amfanin gona, masu ƙasa suka ƙara kuɗin haya, cinikin saƙa ya faɗi. Daga 1717 zuwa 1775 dubban ɗaruruwa suka haye teku. Yawancinsu sun sauka Filadelfiya, suka gangara kudu da amalanke har cikin duwatsu, inda ƙasa ke da araha. Ba su zo da dukiya ba, sai goge irin nasu da tsofaffin waƙoƙin labari na soyayya, cin amana da mutuwa.

Wa ya adana waƙoƙin nan? Galibi mata ne. Suna kaɗi, suna raino, suna rerawa babu kiɗa, uwa ta koya wa ɗiya. Da Baturen Ingila Cecil Sharp ya zagaya yankin daga 1916 zuwa 1918, ya rubuta waƙoƙi wajen 1,600. Mace guda, Jane Gentry, ta ba shi kusan 70. Amma sunan Sharp ne a bangon littafin.

Haka kuma masu cewa kiɗan na Turawa ne zalla sun rage mudu. Banjo, abokin tafiyar gogen, bayi ƴan Afirka ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata da tsirkiya. Wanda ya san gurmi ko molo, da ya ga tsohon banjo zai gane dangi.

A 1927 kuɗi ya shigo. Ralph Peer, wakilin kamfanin Victor, ya ɗauki muryoyin iyalin Carter da Jimmie Rodgers a garin Bristol, ya riƙe haƙƙin buga waƙoƙin. A. P. Carter ya bi ƙauyuka yana tattara tsofaffin waƙoƙi, aka rubuta su da sunansa. Lesley Riddle, baƙar fatan da ya raka shi yana haddace karin waƙoƙin, ba a sa sunansa a faifai ba.

Wani zai ce da ba don dillalan nan ba, da waƙoƙin sun bi tsofaffi kabari. Gaskiya ne, kuma mu ba ma ƙyamar dillanci, sana'a ce. Sai dai dillalin kirki la'ada yake ɗauka, ba ya cewa saniyar tasa ce.

Saboda haka muke ganin duk mai ba da tarihin kiɗan nan ya cika mudu: ya ambaci baƙin Ulsta, da matan da suka riƙe waƙa, da bayin da suka kawo banjo. In riba ta riga ta wuce su, kada sunan ma ya wuce su.