Wasan bidiyo ya bar ɗakin PlayStation ya koma salula

A unguwannin Maradi, da la'asar, ƙwallo har yanzu ita ce sarauniyar ɗakunan PlayStation. Yara na cewa “FIFA”, ko da yake tun 2023 sunan ya koma EA Sports FC. Mun zauna mun buga, mun sha kashi, kuma gaskiya akwai daɗi.

Amma tun da Najeriya ta katse kuran a watan Agusta 2023, samari da dama suka koma salula. Wutar ta dawo a 2024, su ba su dawo duka ba. A Tibiri da Jiratawa mun tarar da Free Fire da eFootball a hannun ƴan lakwal.

Nan ne damuwarmu take. Ɗakin wasa a bakin titi yake, uba na iya leƙawa, mai ɗaki kuma ya rufe da dare. Salula kuwa tana bin yaro har shimfiɗa, ta cinye kuɗin intanet, Free Fire kuma na sayar da “lu'ulu'u” da kuɗi na gaske.

Ƴan uwa na Abijan da Libiya masu aiko salula, ku riƙa tambayar wa ke riƙe ta bayan isha'i, balle ɗan da zai zana BEPC bana.