Kafin a Yanka Ragowar Filayen Malumfashi

A kudancin Katsina gari yana cin gona, gona kuma tana cin daji. Daga Malumfashi zuwa Funtua, ƙasar da masara da auduga suka yi wa suna, abin da ya rage ba a nome ba bai wuce bakin rafi, guntun burtali da ɗan kurmin ɗorawa ba. Su ne kuma dillalan fuloti suke zagayawa. Ra'ayina shi ne ƙaramar hukuma ta riga su, ta mallaki irin waɗannan wurare da sunan jama'a tun farashinsu bai fi ƙarfinta ba.

Doka ba ta hana ta ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa kula da wuraren shaƙatawa, lambuna da filayen jama'a cikin ayyukanta. Sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba ta ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma da sharaɗi: duk yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni ya fita daga hannunta. Ke nan damar tana gefen gari, kuma kullum raguwa take yi.

Matsalar tana wajen diyya. Dokar ta 1978 tana biyan abin da mutum ya gina ko ya dasa ne, ba ta biyan ƙasar kanta. Gaskiya ta ce a ba manomi wata gonar a madadin tasa, sai dai ina gonar da ba ta da mai ita a Malumfashi yau? Wanda aka karɓe masa gadon kakanni, aka lissafa masa kuɗin mangwaro biyu, ba zai taɓa kallon wurin a matsayin nasa ba, kuma shi zai fara kai masa gatari da dare. Don haka ciniki ya fi ƙwace. A saya da yardar mai shi, a gaban hakimi da dagaci da ardon Fulani, domin makiyayi ma yana da haƙƙi a mashaya da burtali.

Na san abin da mai karatu zai ce. A wannan yanki kalmar daji ta daina tuna wa mutane inuwa da zuma. Dajin Rugu, wanda aka keɓe don kiwo, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗaga dajin Kogo na Faskari zuwa gandun daji na ƙasa, amma sanarwa ba ta korar mai bindiga. Wannan tsoro yana da tushe. Sai dai waɗancan manyan dazuzzuka ne masu nisa, waɗanda hukuma ta shata ta juya musu baya. Abin da nake nufi ƙarami ne: hekta biyar ko goma da ake hangowa daga ƙofar gida, inda yara za su yi wasa, mata su tsinci ɗorawa, ruwan sama ya sami wurin kwanciya maimakon ya bi cikin unguwa. A ƙasar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, gawo ya dawo gonaki ne sa'ad da manoma suka tabbata amfanin itacen nasu ne.

Saura kuɗi. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan ya tabbata a aikace, uzurin ya ragu. Amma shugaban ƙaramar hukuma ya fi son rijiyar burtsatse, don ita ake ƙaddamarwa a ɗauki hoto. Fili kuwa ba ya tara jama'a. Aikin ma ba mai ƙayatarwa ba ne: awo, taswira, kafa duwatsun iyaka, rajista da sunan al'umma yadda shugaba na gaba ba zai iya raba wa magoya bayansa ba, sannan mai gadi ɗan unguwar wanda albashinsa yake cikin kasafin kuɗi.