Kwana goma kafin a ɗaga wa kare sanda

A Anka ko Gummi ko Bukkuyum, idan kare ya ciji yaro, hukuncin da ake yanke masa ba ya ɗaukar lokaci. Matasa za su fito da sanduna da duwatsu, kafin la'asar an gama da shi, an ja gawar an jefa a bayan gari. Kowa ya koma gida yana ganin an yi maganin abin. Ni kuwa ina ganin a yawancin lokuta an kashe babban mai ba da shaida ne tun kafin a saurari ƙarar.

Dalili shi ne yadda ciwon haukar kare yake tafiya. Ƙwayar cutar tana shiga ta raunin cizo, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, daga nan ta sauko cikin yawu. Kare ba ya yaɗa ta sai ta kai ga yawunsa, kuma idan ta kai can ajalinsa ya matso: cikin 'yan kwanaki alamun za su bayyana, ya mutu. Saboda haka likitoci suka tsayar da ƙa'idar kwana goma. Karen da ya yi cizo yau, idan aka tsare shi aka ga yana ci yana sha lafiya lau bayan kwana goma, to babu cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. A jikin mutum kuwa cutar takan ɓuya wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, kuma da zarar alamunta sun fito, irin su tsoron ruwa da firgita, da wuya ƙwarai a tsira. Iyalin da suka kashe kare suka binne sun sayi watanni na zullumi, ko kuma, abin da ya fi muni, sun sayi kwanciyar hankali ta ƙarya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Allurar rigakafinta kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya fara gwada ta a kan wani yaro a Faransa, ya rayu.

To me doka ta ce? Tun zamanin Turawan mulkin mallaka akwai dokar karnuka a Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1943, ta yi maganar lasisin mallakar kare da kama wanda ake zargi da ciwon. Sannan akwai dokar tarayya ta daƙile cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, kuma haukar kare na cikin cututtukan da wajibi ne a kai rahotonsu ga hukuma. A takarda ba mu da talauci. Amma a tambayi mai unguwa a Bagega ko Nasarawar Burkullu inda zai kai rahoton, da wanda zai tsare karen, da wanda zai ciyar da shi, a ji amsar da zai bayar. A Amurka dokokin jihohi da ƙananan hukumomi ne suke tilasta tsare kare ko kyanwa na kwana goma bayan cizo, sau da yawa a gidan mai shi. Ingila kuwa ta shafe kusan ƙarni guda tana killace duk karen da aka shigo da shi na wata shida, sai a shekarar 2000 ta fara sassautawa. Ba kuɗi ne kaɗai ya raba mu da su ba. Sun faɗi sunan wanda nauyin yake wuyansa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tsarin mulkin 1999 ya riga ya faɗi sunan. A Jadawali na Huɗu, cikin ayyukan ƙananan hukumomi, an lissafa kula da yadda ake ajiye dabbobin gida irin su kare da kyanwa da yadda suke zirga-zirga. Ke nan kansilolin Anka da Gummi da Bukkuyum ba sa buƙatar jiran Abuja, ko ma Gusau, kafin su yi dokar yanki mai shafi biyu. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, hujjar rashin iko ta ƙara yin rauni, ko da yake mun san yadda aiwatar da hukuncin yake jan ƙafa.

Wani zai ce wannan tunanin boko ne, a ƙasar da ake wa kare kallon ƙazanta. Sai dai fiƙihun Malikiyya da kotunanmu suke aiki da shi bai yi watsi da batun ba. An halatta riƙon kare don farauta da gadin dabbobi da gona, kuma a Muhtasar na Shaihu Halil an kawo mas'alar mutumin da ya ajiye kare mai cizo bayan an gargaɗe shi, aka ɗora masa alhakin ɓarnar da ya yi. Zamfara, wadda ta riga kowace jiha shelar aiki da Shari'a a 1999, ba ta da dalilin ganin ɗora wa mai kare nauyi a matsayin baƙon abu. Abin da za a ƙara kawai shi ne ilimin likitanci: a ɗaure karen a inda yara ba za su kai gare shi ba, a ba shi abinci da ruwa, malamin dabbobi ya duba shi a ranar farko da ta goma, mai unguwa ya shaida.

Dole in ja kunne a nan, domin rabin sani ya fi jahilci haɗari. Tsare kare ba dalili ba ne na zaman jira. Wanda aka ciza a wanke masa raunin nan take da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a fara allura a ranar, ba a tsaya ƙona gashin kare ana shafawa ba. Idan karen ya cika kwana goma lafiya, likita na iya dakatar da sauran alluran, iyali su huta da kashe kuɗin da watakila sai an sayar da akuya kafin a haɗa. Karen da haukarsa ta fito fili kuwa ba a tsare shi. A kashe shi ba tare da fasa kan ba, domin ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa a cibiyoyi irin ta binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Wanda ya tsere ba a gan shi ba, a ɗauka yana da cutar, a kammala allurar.

Na san yankin nan yana da damuwar da ta fi kare. Amma rashin tsaron ne ma ya ƙara wa batun nauyi: ƙauyen da mutane suka watse, karnukansa ba sa bin su da tsari, sai su koma yawo a gefen garuruwan da 'yan gudun hijira suka cunkushe. Kuma mutanen Anka da Bukkuyum sun san darajar rahoto da wuri tun 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma kafin a gane musabbabin.

Inda dokar za ta ci karo da tirjiya shi ne wajen mafarauta da makiyaya. Mafarauci ba zai miƙa karensa ga hukuma ba idan yana zargin ba zai dawo ba, sai ya ɓoye shi a wani ƙauye. Don haka sai dokar ta rubuta ƙarara cewa karen da ya cika kwanakinsa lafiya za a mayar wa mai shi, a yi masa allurar rigakafi kyauta, kuma tara ba za ta hau kan wanda ya kawo rahoto ba, sai wanda ya ɓoye. Sarkin dawa da arɗo su kasance cikin masu sa hannu tun ranar da za a karanta daftarin a zauren majalisar ƙaramar hukuma.