Indigo ko Shuni?

Ranar sunan ɗiyar yayata, a unguwar Tudu, liman ya raɗa mata Hadiza, aka yanka rago, aka yi addu'a. Kafin azahar ƙawayen maijego sun cika WhatsApp da "barka da zuwa, Indigo". Wai sunan yayi ne, ana sa wa mace, ana sa wa namiji, kuma ko mawaƙiya Beyoncé ai Blue Ivy ta sa wa ɗiyarta a 2012.

Na ce to ku kira ta Shuni mana, ai launin ke nan. Dariya aka yi mini har da riƙe ciki. Wata ta ce, "Haba malam, sai ka ce ɗiyar marina!"

Ƴan'uwana ɗalibai, wannan dariyar ce ta hana ni barci. A Agadas fa muke! Ku fita ranar Biyanu ku dubi rawunan da ke ƙyalli a kan dattawa. Turkuɗi ne, wanda aka tsoma a baba a Kura ta ƙasar Kano, aka buga shi a bugu har ya yi sheƙi, aka hauro da shi Abzin. Shi ke rina goshin mai shi, har Turawa suka laƙaba wa Abzinawa "shuɗɗan mutane". Ita kuwa kalmar Indigo, asalinta daga Girkanci ne, ma'anarta "abin Indiya". Wato launin da kakanninmu suka naɗa a ka, sai da aka jingina shi ga Indiya, ya biyo ta bakin Bature, sannan ya yi mana daɗin kira.

Kuma kada wani ya ce mini sunan launi baƙo ne a wurinmu. Muna da Jatau, muna da Duna. Humaira ma, laƙabin Nana A'isha, daga ja yake. Amma ku faɗi gaskiya: wa ya taɓa jin an tsokani Jatau a lakwal? Duna kuwa mun sa shi kuka ba sau ɗaya ba, har da ni a ciki, Allah ya yafe mini. Masu yi wa Shuni dariya, rabinsu man bilicin ne a jakarsu.

Jiya na koma gaida maijego, na ɗauki yarinyar na kira ta Shuni. Yayata ta harare ni. Kakarmu, daga kan tabarma, ta ce in miƙo mata Shunin ta gani.