Buhun Wani, Sunanka?

A kasuwannin Funtua da Malumfashi, manomi yakan rubuta sunansa a jikin buhun masararsa. Wanda ya goge ya sa nasa, ɓarawo muke ce masa. To, ɗalibin da ya kwafe shafin littafi sukutum ya miƙa da sunansa fa? Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusuhi, yana lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu, kuma darajarsa ba ta ragu ba. Ku da za ku Jami'ar Ahmadu Bello, in kun ari magana, ku faɗi mai ita, da littafin, da shekara, da shafi. Wanda aka kama ana iya korarsa, kuɗin audugar mahaifinsa kuma ya tafi a banza.