Sukurun da Kansa Ya Cinye a Injin Ƙaramin Jirgi

Sukurun da kansa ya cinye a injin ƙaramin jirgin wasa galibi laifin sukurudireba ne. Yawancin sukurori masu kan gicciye na ƙirar Japan suna bin ma'aunin JIS, sukurudireba na Phillips kuwa zamewa yake yi a cikinsu har ya goge ramin. Man zurma da ake haɗawa da metanol a man injin shi ma yana daskarewa ya riƙe zaren sukurun kamar danƙo. Wajen cire sukurun, zafi ya kamata a fara gwadawa, domin alminiyam na jikin injin yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen sukurun, sai riƙon ya saki. In ya ƙi, a tsaga kan da siririn zarto a juya da sukurudireba mai faɗin baki. Huda ita ce dabarar ƙarshe, kuma gaggawa a nan ɓarna ce, don ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya lalata zaren jikin injin.