Kada A Damƙa Wa Ɗan Aike Makullan Gida Baki Ɗaya

A yau kamfanoni da ƙungiyoyi da dama sun daina rubuta jadawalin ayyukansu a takarda, sun koma ga manhajojin bibiyar aiki irin su Jira da Asana da Trello. A cikinsu ake rubuta wanda aka ba aiki, da ranar da zai gama, da ƙorafin abokan ciniki, da kuɗin kwangila, wani ma'aikacin ma har kalmar sirri yakan ajiye a ciki saboda ganganci. Tun daga watan Nuwamba na 2024, lokacin da kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP wadda ke haɗa ƙirƙirarriyar basira da sauran manhajoji, ake ta rige-rigen buɗe waɗannan rumbuna ga 'yan aiken kwamfuta, masu karanta saƙo, su rufe aiki, su aika amsa ba tare da jiran mutum ba. Abin tambaya a nan shi ne, makulli nawa aka damƙa wa wannan sabon ɗan aike?

Dalilin tambayar kuwa shi ne, wannan ɗan aike yana da wani rauni da akawun ofis ba shi da shi. Idan akawu ya ga baƙo ya rubuto cewa a kwaso takardun sirri a liƙa a bakin ƙofa, dariya zai yi. Shi kuwa ɗan aiken kwamfuta ba ya iya bambancewa sarai tsakanin umarnin maigidansa da rubutun da ya ci karo da shi a bakin aiki, domin duka biyun kalmomi ne a wurinsa. Tun a 2022 masani Simon Willison ya ja hankali kan wannan dabara ta cusa umarni cikin rubutu, kuma har yanzu ba a sami maganinta na dindindin ba.

Ba kuwa zancen shaci-faɗi ba ne. A watan Mayu na 2025, masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda za a rubuta ƙorafin bogi a shafin GitHub da kowa ke iya shiga, ɗan aike ya karanta, ya je ya kwaso bayanai daga ma'ajiyar sirri ta maigidansa ya baza su a fili. A watan Yuni kuma kamfanin tsaro na Cato Networks ya gwada irin wannan a sashen karɓar ƙorafi na Jira. Abin lura shi ne, a duk gwaje-gwajen biyu maharin bai fasa ƙofa ba, bai saci kalmar sirri ba. Wasiƙa kawai ya rubuta, ɗan gida ya yi masa sauran aikin.

Wani lokaci ma ba a bukatar mahari. A cikin watan Yunin dai, Asana ta gano kuskure a ƙofar da ta buɗe wa 'yan aike, wanda ya sa bayanan wani kamfani ke iya bayyana ga ma'aikatan wani kamfanin daban. Kimanin abokan ciniki 1,000 abin ya shafa, sai da aka rufe ƙofar na kusan mako biyu. A watan Yuli kuma ɗan aiken Replit ya share ma'ajiyar bayanan ɗan kasuwa Jason Lemkin, alhali an umarce shi da kada ya taɓa komai, har shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya amsa cewa bai kamata hakan ta faru ba. Darasin a fili yake: gargaɗin baki ba ya maye gurbin kwaɗo.

Masu ɗokin abin za su ce idan aka ɗaure ɗan aike, ina amfaninsa? Gaskiya ne yana rage wahala, kuma babu mai cewa a kore shi. Amma babu ɗan kasuwar da zai ɗauki yaron shago yau, ya miƙa masa makullin sito da littafin banki gobe, don kawai yaron yana da zafin nama. Tun a 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka shimfiɗa ƙa'idar cewa kowace manhaja a ba ta iya ikon da aikinta ke bukata, kada a ƙara ko kaɗan.

Don haka ya wajaba kowane ɗan aike ya kasance da asusunsa na kansa, ba ya shiga da sunan manaja ba, domin a san abin da ya taɓa da lokacin da ya taɓa shi. A taƙaita shi ga aiki guda. Wanda ke karanta saƙonnin baƙi kada ya ga takardun sirri, wanda ke ganin sirri kuma kada ya iya aika komai waje. Sharewa da biyan kuɗi da sauya izini su jira sa hannun mutum, makullin da aka ba shi kuma ya zama mai wa'adi.

Kamfanoninmu na nan gida su sani cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan aka sami ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan, kuma kamfani za a tuhuma, ba kwamfuta ba. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin kowane shugaban ma'aikata ya amince a haɗa ɗan aike da rumbun ayyukansa, ya kira jami'in kwamfutarsa ya tambaye shi: idan wannan abu ya bi umarnin maƙiyinmu yau da dare, me da me hannunsa zai iya kaiwa?